Malam da jirginsa: in saka ko in cire?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba. Malaminmu na lissafi ya rasu wata biyu ke nan, bayan ya shafe shekara 31 yana riƙe da alli. Mu tsofaffin ɗalibansa za mu taru mu tuna da shi, kuma ni aka ɗora wa jawabi. Ga inda gizo ke saƙar: Malam yana da wani ɗan jirgin ruwa mara inji, irin wanda iska ke turawa da ƙyalle, kuma duk hutun da ya samu a kan ruwa yake ƙarewa. Wasu cikinmu sun ce in bar zancen jirgi, wai wasa ne, zai rage masa girma. Iyalinsa kuma sun ba ni littafin da yake rubutu a ciki duk ranar da ya fita, cike da abubuwa irin su "SW 3, 4 kn" da na kasa gane kansu. Yaya zan yi?

Tsohon ɗalibi

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan Malam, ya ba ku haƙurin rashinsa.

Ka saka jirgin. Masu cewa a cire, ka tambaye su ko sun san asalin kalmar da suke kiransa da ita. Malam daga Larabci muka aro ta, mu'allim. To a jiragen Larabawa da ke ratsa Tekun Indiya, shugaban jirgi ana ce masa nakhoda, amma wanda ya san hanya, mai duba taurari ya ce a karkata nan, sunansa mu'allim. Wanda ya fi shahara cikinsu shi ne Ahmad ibn Majid, mutumin Julfar, inda yanzu ake kira Ras al-Khaimah, wanda ya rayu a ƙarni na 15. Da yawa daga iliminsa a waƙe ya tsara shi, don matuƙi ya haddace ya riƙa bitarsa da dare a tsakiyar ruwa. In wannan ba dabarar malamin aji ba ce, ban san mene ne ba. Kayan aikinsu kuwa ɗan katako ne da igiya mai ƙulle-ƙulle, ana ce masa kamal. Mutum ya ciji igiyar da haƙori, ya miƙa katakon gabansa, ya auna tazarar da ke tsakanin tauraron arewa da inda sama ta haɗu da ruwa. Wannan tazarar ce ke gaya masa iya nisan da ya yi zuwa arewa ko kudu. Lissafi ne tsagwaronsa, sai dai wanda ya faɗi wannan jarrabawar ba maimaita aji yake yi ba.

Mu koma kan littafin, domin shi ne dukiyar da ke hannunka. Haruffan nan biyu na farko, wato "SW", suna nufin kudu maso yamma, kuma matuƙa suna raɗa wa iska sunan inda ta fito ne, ba inda za ta ba. Lamba 3 ƙarfin iskar ce a ma'aunin da wani hafsan sojan ruwan Birtaniya, Francis Beaufort, ya tsara a 1805. Ma'aunin yana tashi daga 0, lokacin da ruwa ya kwanta kamar madubi, zuwa 12, guguwa mai tumɓuke itatuwa. Uku iska ce mai daɗi, ta cika ƙyalle ba tare da ta wahalar da kowa ba. In ka ga 6, ranar Malam ya ji jiki. Shi kuma "4 kn" saurin jirgin ne, mil huɗu na teku cikin sa'a guda, kowane mil mita 1,852. Kalmar Turancin da aka gajarta ɗin ma'anarta ƙulli, saboda a da igiya mai ƙulli ake sakewa a bayan jirgi, a ƙirga ƙulli nawa suka zare kafin yashin agogo ya gama zuba. Ka lissafa da kanka, tunda shi ya koya maka: bai kai kilomita bakwai da rabi a sa'a ba. Yaro mai keke zai wuce shi yana fito. Mutumin da ya zaɓi ya riƙa tafiya da wannan saurin a ranakun hutunsa, ka san ba gaggawa ta kai shi ruwa ba.

Ni sau ɗaya tak na taɓa shiga irin jirgin nan, wani abokina ya yaudare ni, kuma rabin tafiyar kaina na rataye a gefe ina amayar da abin da ke cikina. Amma abu guda ya tsaya mini a rai. Inda za mu na gabanmu, ina ganinsa ƙuru-ƙuru, sai mutumin nan ya nufi dama. Na ce ina kuma za ka? Ya ce iska daga can take busowa, kuma babu jirgin ƙyallen da ke iya tunkarar iska gaba da gaba. Sai an kauce mata da kusan digiri 45, a yi tafiya, a juya ɗaya ɓarin da digiri 45, haka dai karkace-karkace har a isa. Hanyar mil 10 sai ta koma wajen 14. Na tabbata Malam ya taɓa zana muku wannan alwatikan a allo, wataƙila bai gaya muku inda ya fara haɗuwa da shi ba. Duba littafin, za ka sami ranakun da ya shafe sa'o'i a kan tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba. Sai ka tambayi kanka wane ne a ajinku ya fi kowa taurin kai wajen gane darasi, kuma ta wace hanya Malam ya bi da shi.

A nan zan ja maka kunne. Kada ka hau mumbari ka ce rayuwa teku ce, Malam kuma shi ne matuƙinmu. Duk wanda aka ba wannan jawabi abin da zai fara faɗo masa ke nan, kuma da ka furta shi jama'a za su fara duba wayoyinsu. Haka ma jerin gwanon mutumin kirki, mai haƙuri, mai son ɗalibai. Gaskiya ne, amma babu mamacin da ba a faɗa wa haka ba. Ka kira mutum biyar ko shida daga azuzuwan da ya koyar a shekaru daban-daban, kowa ya ba ka abu ɗaya da ya gani da idonsa: yadda yake riƙe alli, kalmar da yake maimaitawa in ransa ya ɓaci, irin abin da yake rubutawa da jan biro a gefen takarda. In yana da wani hali mai ban haushi da ku duka kuka sani, saka shi, dariyar da za a yi ba raini ba ce. Ka kuma nemi wanda suke fita ruwa tare, domin shi ya ga Malam a lokacin da tsoro ya kama shi, ku kuwa ba ku taɓa gani ba.

Kafin ka karanta komai daga littafin a bainar jama'a, ka nuna wa iyalinsa shafukan da ka zaɓa. Irin waɗannan littattafai ba iska da ruwa kaɗai ake rubutawa a ciki ba, wani lokaci mutum kan saka abin da ya dame shi a ƙasan lambobin. Idan sun amince, zaɓi shafi biyu: ranar da iska ta fi ba shi wuya, da fitarsa ta ƙarshe. Karanta su yadda ya rubuta, kwanan wata, inda iska ta fito, ƙarfinta, saurin jirgi, ka fassara lambobin a taƙaice. Duka jawabin kada ya wuce minti goma. Littafin kuma ka ɗauki hoton shafukansa, ka mayar wa iyalin kayansu a ranar.