Wa ke ba bakteriya izinin fara kwafar DNA?

Tambaya: Malam, an koya mana cewa sinadarin polimeres ne ke kwafar DNA, amma ba ya iya fara aikin da kansa. To a cikin bakteriya wa ke buɗe masa hanya, kuma me ke hana a fara kwafin sau biyu a jere?

Amsa: Mu ɗauki bakteriyar E. coli, domin ita aka fi nazari. DNA ɗinta zobe ne guda mai haruffa (sinadaran A, T, G da C da ke jere a jikinsa) kusan miliyan 4.6, zare biyu a tufke kamar igiya. Kwafin yana farawa ne daga wuri ɗaya tak, oriC, mai tsawon haruffa kimanin 245. Tun 1963 masana Jacob da Brenner da Cuzin suka yi hasashen dole akwai wani furotin mai ba da izinin farawa. Shi ne DnaA.

A cikin oriC akwai gurabe masu haruffa 9 da DnaA ke ganewa. Uku daga ciki, R1 da R2 da R4, suna riƙe shi gam, kusan kullum yana zaune a kansu. Sauran guraben masu rauni ne, galibi ba sa karɓarsa sai yana ɗauke da ATP, sinadarin da ke ɗauke da makamashi a cikin ƙwaya. Nan ne asirin yake. Yayin da ƙwayar ke girma, DnaA mai ATP yana ƙaruwa, har ya cika guraben ya jeru ya zama murɗaɗɗiyar sarƙa. Wani furotin, IHF, ya lanƙwasa zaren. Wannan matsin ne ke tsage wani yanki da ke gefe, mai yawan A da T. Haɗin da ke riƙe A da T tsakanin zaren biyu guda biyu ne, na G da C uku, don haka nan ya fi saurin ɓallewa.

Da ƙofa ta buɗe, sai wasu furotin su karɓi aiki: DnaC ya ɗora DnaB a kan kowane zare don ya ci gaba da warwarewa, DnaG ya sa ɗan guntun RNA (zare mai kama da DNA) na somawa, sannan polimeres ya kama aiki ta ɓangarori biyu.

Rabin tambayarka na biyu ya fi burge ni. Sabon zare ba ya samun alamar methyl (ɗan sinadarin da ake liƙa wa DNA) nan take a wuraren da haruffan suka jeru GATC, kuma akwai su 11 a oriC. Wani furotin, SeqA, yakan gane haka ya danne wurin na ɗan lokaci, ya hana DnaA sake buɗe shi. A gefe guda kuma furotin Hda, tare da zoben da ke riƙe polimeres, yana sa DnaA ya mayar da ATP ɗinsa ADP, wato ATP da aka cinye makamashinsa, ya zama ba shi da ƙarfin buɗewa. Wato aikin kwafin da kansa ne ke kashe mai fara shi.

Sai dai kada ka ɗauka sai an gama zagaye ɗaya ake fara wani. Kwafin yakan ci minti 40, amma idan abinci ya wadata E. coli tana rabuwa duk minti 20. Sabon zagaye yana tashi tun na baya bai kai ƙarshe ba, sai kowace 'ya ta gaji DNA da tuni aka soma kwafarsa.