Filin Tambayi Bakanike: Motata na fizga ita kaɗai, wai oksijin sensa ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Dan Allah ina neman shawara kan motata, Corolla ce 2004 'yar Kwatano, shekara huɗu tana hannuna bata taɓa bani ciwon kai ba sai bana da sanyin nan ya shigo. In na tada ta da asuba allurar rpm sai ta dinga hawa tana sauka ita kaɗai, ta haura 1500 ta faɗo har ƙasa da 600 kamar zata mutu sai kuma ta zabura, alhali ƙafata ma bata kan totur. In ta ɗau zafi abin yana raguwa amma baya tafiya duka, ko a gosulo wajen Tashar Dukku sai naji tana ɗan fizga. Wutar cek ta kama. Na canja fulogi, an wanke nozul, shiru kake ji. Da aka sa mata kwamfuta ta nuna P0171, mai gyaran yace oksijin sensa ne ya mutu in kawo kuɗi a sayo. Ni kuma malamin makaranta ne, kasan yadda aljihu yake. In saya ko in dakata? Af, tun da na saye ta aka cire mata tamostat, abin nan da ke daidaita zafin inji, wai saboda zafin garinmu.

Mai karatu daga Pantami, Gombe

AMSA

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara rufin asiri. Ka dakata tukuna, kar ka fidda ko sisi. Bance lallai sensan nan lafiyarsa ƙalau ba, amma abin da ka faɗa da bakinka yafi nuna wani wajen.

Shi oksijin sensa ɗan aike ne kawai. Yana ɗaure a jikin salansa kusa da inji yana shinshinar hayaƙi, sai ya gaya wa birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ko mai yayi yawa ko iska tayi yawa, ita kuma ta ƙara ko ta rage man da nozul ke fesawa, don a tsaya kusa da awon da injin fetur ke so, wato iska kashi 14.7 a kan mai kashi 1 in aka auna da nauyi. Bosch ne suka ƙirƙiro shi, Volvo suka fara sa shi a mota a 1976, kaga ba sabon abu bane, mu ne dai da muka taso da su Fijo 504 mai kabireta har yau muke masa kallon aljani. Toh lambar da ta fito maka, P0171, ma'anarta iska ta rinjayi mai. Sensan ne ya kawo wannan labarin, kuma yana iya zama gaskiya ya faɗa. Lambobin da ke zargin shi kansa sensan na gaba, wato wannan na kusa da inji, daban suke, daga P0130 zuwa P0135, misali P0133 na nufin yana jan jiki wajen amsawa, P0135 kuma hitar cikinsa ce ta samu matsala. Kai ko ɗaya baka ambata ba.

Sai maganar asuba, nan ne ma nafi tsayawa. Sensan nan baya aiki sai ya ɗau zafi sama da digiri 300, shi yasa aka sa masa hita a ciki, kuma kafin ya kai wannan zafin birenbos bata sauraronsa sam, da lissafin da ke kanta take ba da mai. Kenan in motarka tana hawa da sauka tun daga lokacin da ka murɗa makulli inji na sanyi ƙarara, wanda bai fara magana ba ta yaya zai zama shi ya haddasa rigimar? Da sensa ne da akasin haka zaka gani, ta tashi lafiya lau, sai bayan ta yi zafi ta fara iskancin.

Ni abin da nafi zargi iskar sata ce, wato iskar da ke shiga inji ta wata kafa ba tare da ta bi ta iyafulo mita an auna ta ba. Kuma injin Corolla ɗin nan, 1ZZ, an san shi da wannan: manifol ɗinsa na shan iska na roba ne, gaskit ɗin da ke tsakaninsa da kan inji in ya tsufa yana ƙanƙancewa da sanyi ya buɗe kafa, in inji yayi zafi ya kumbura ya ɗan toshe. Ka duba labarinka, da hunturu ya fara, da asuba yafi tsanani, da rana ya lafa. Kamar an auna.

Ga yadda za a tabbatar ba tare da an sayi komai ba. Ka koma wajen mai kwamfutar, amma wannan karon kar ya tsaya a karanta lamba ya goge, wanda shi ne aikin da yawancinsu suka iya, kace ya buɗe maka wajen da ake ganin aikin inji kai tsaye yana kunne, ya nemo STFT da LTFT. Waɗannan su ne ke nuna kashi nawa birenbos ke ƙarawa ko ragewa a kan man da ta saba bayarwa. Mota mai lafiya in ka haɗa biyun bata cika wuce 10 sama ko ƙasa ba. In kaga a silo, wato mota na tsaye inji na aiki, abin ya haura 20, sannan da aka taka totur aka riƙe a 2500 ya sauko kusa da sifili, toh iskar sata ce ba ko tantama, domin 'yar kafar tana da tasiri ne lokacin da iskar da inji ke sha kaɗan ce. In kuma akasin haka ne, a silo daidai amma ana taka wuta yana ƙara hawa, sai a koma kan famfon mai da ya gaji ko iyafulo mita da ya sha ƙura. Su biyun nan ma ba baƙi bane a wajenmu, ga ƙurar hunturu ga iya kilina, wato matatar iska, da sai dai a kakkaɓe a mayar shekara da shekaru, ga kuma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kowa da jar wutar ƙarewar mai yake yawo, ana shan galan ɗaya wajen 'yan bumburutu, shi kuwa famfon a cikin tanki yake kuma man ne ke sanyaya shi.

Neman kafar kuma da safe ake yi inji na sanyi. A bi babban hos ɗin da ya taso daga iya kilina zuwa bakin injekta, wato ƙofar da totur ke buɗe wa iska, a lanƙwasa shi a leƙa cikin ninkin, nan yake tsagewa ta ƙasa inda ido baya gani. A duba ƙananan tiyo, da wanda ya tafi sabo (servo), wato tulun da ke ƙara wa birki ƙarfi. Sai a fesa ruwa kaɗan kaɗan a bakin manifol inda ya haɗu da inji, in kukan injin ya canja an kama ɓarawo. Wasu da kabireta kilina suke fesawa, yafi nunawa amma wallahi yana kama wuta, ni dai na taɓa ganin girar wani yaron gareji ta tafi a haka. Tunda an zo wajen a wanke bakin injekta da ɗan bawul ɗin silo da ke manne da shi, baƙin dattin da ke taruwa a nan shi kaɗai yana sa allura rawa. Iyafulo mita kuma sukurori biyu ne, amma wayoyin cikinsa sirara ne kamar gashi, ba a taɓa su da hannu ko tsinke, ba a wanke su da fetur, akwai feshin da aka yi dominsu.

In duk an bi nan ba a samu komai ba, sannan a juyo kan sensan, shi ma a gwada shi kafin a yanke masa hukunci. Irin na da, in inji yayi zafi, wutarsa tana lilo ne tsakanin 0.1 da 0.9 bolt ba tsayawa, in ya maƙale a waje ɗaya ko yana jan jiki toh ya gaji. Amma a kula, Toyota na baya baya wani iri suke sawa a gaba wanda a kwamfuta zaka ganshi zaune wajen 3.3, haka aikinsa yake, an sha jefar da masu lafiya saboda rashin sanin wannan. A kuma saurari salansa, in tana hurawa kafin wajen sensan tana zuƙo iskar waje ta ruɗe shi. In ya tabbata ya mutu ka nemi Denso mai lambar motarka, ka guji wanda ake yanke waya a murɗa da salatif, kuma ka tambayi abin da ya kashe shi, don injin da ke shan baƙin mai ko ruwan lagireto, ko gam ɗin silikon da ake lafta wa gaskit, zai kashe sabon ma.

Tamostat kuwa ka mayar da abinka Malam. Ba shi ya kawo fizgar ba tunda shekara huɗu kana haka, amma injin da baya kai zafinsa mai yake sha fiye da ƙima, kai ne kake biya duk wata.

TAMBAYA

Oga salam. An cire min indomin salansa, abin nan mai tace hayaƙi, tun ranar wutar cek ta kama da P0420, wai in na canja sensan baya wutar zata mutu?

Mai karatu daga Yelwa, Bauchi

AMSA

Ba zata mutu ba ɗan uwa. Aikin sensan baya shi ne sa ido a kan indomin, yanzu kuma ya duba yaga babu shi, ya faɗa. Ko sabo dal ka ɗaura abin da zai faɗa kenan. Sai dai a mayar da indomi, kuma kafin nan ka riƙa sa mata kwamfuta lokaci lokaci, don wutar da ta riga ta kama ba zata nuna maka in wata matsalar ta shigo ba.