Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Lambar Cuta a Takardar Asibiti da Jijiyoyin Jinin Baƙin Ido

Tambaya: Likita, mahaifina yana zaune tare da ni a Amurka, kuma ya daɗe yana fama da ciwon suga. Bayan mun kai shi wurin likitan ido, sai kamfanin inshora ya aiko mana da takarda mai ɗauke da lamba H21.1X1. Mece ce ma'anarta? Makanta ce ta kama shi?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Wannan lamba ta fito ne daga kundin rarraba cututtuka da ake kira ICD-10, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, Amurka kuma ta faɗaɗa shi ta koma amfani da nata salon, ICD-10-CM, tun ranar 1 ga Oktoba, 2015. Harafin H a nan yana nuna ɓangaren cututtukan ido. H21.1 na nufin matsalar jijiyoyin jini a baƙin ido, wato zoben nan mai launi da ya kewaye ɗan ramin da haske ke shiga, tare da naman da ke bayansa mai samar da ruwan cikin ido. X ɗin cike gurbi ne kawai, ba shi da wata ma'ana, 1 na ƙarshe kuwa idon dama ne. Da hagu ne da an sa 2, da duka biyun ne da an sa 3.

Abin da likitoci suka fi rubuta wa wannan lamba shi ne tsirowar sababbin jijiyoyin jini a kan baƙin ido, abin da muke kira rubiyosis. Idan muka ɗora haɓar majiyyaci a kan na'urar duba ido muka haska, mukan ga wasu jajayen zare sirara, sun fi gashi siranta, sun fara daga bakin ramin suna yaɗo kamar saiwar ciyawa. A idon baƙar fata suna da wuyar gani, domin launin ƙasa-ƙasa mai duhu yana ɓoye su, shi ya sa muke dubawa kafin a ɗiga maganin buɗe ido.

To amma asalin ciwon yana can bayan ido. Tantanin da ke karɓar haske, wato ratina, idan suga ya lalata ƙananan jijiyoyinsa ya rasa isasshen jini, sai ya riƙa fitar da wani sinadari mai suna VEGF, wanda aikinsa shi ne kiran sababbin jijiyoyi. Sinadarin yakan bi ruwan ido ya iso gaba, jijiyoyin su tsiro inda ba a bukatarsu. Haɗarin shi ne su kai kusurwar da ruwan ido ke fita su toshe ta, matsin ido ya haura, alhali a mai lafiya yakan tsaya tsakanin 10 da 21. Wannan nau'in hawan jinin ido yana zuwa da zafi mai tsanani da jan ido, kuma yana cin gani cikin gaggawa.

Saboda haka lambar ba ta ce Baba ya makance ba, ba ta kuma ce yana cikin aminci ba, domin an ƙirƙire ta ne don lissafi da biyan kuɗi, ba ta auna tsananin ciwo. Mutumin da aka ga zare biyu a idonsa da wanda kusurwarsa ta toshe gaba ɗaya duk za a iya rubuta musu ita. Ki koma wurin likitan ki tambaye shi nawa ne matsin idon, ko ya duba kusurwar da madubin da ake ɗorawa a kan ido, da kuma ranar da za a fara aiki a kan ratina. Kada a bar wannan magana ta kwana makonni.

Tambaya: Likita, an yi wa yayata allura a cikin ido saboda irin waɗannan jijiyoyi, amma kamfanin inshora a nan Amurka ya ƙi biya. A takardar na ga H21.1X9 da kuma 67028. Ina kuskuren yake?

Amsa: Malam, ba zan iya yanke hukunci ba tare da ganin dalilin da kamfanin ya rubuta ba, amma abu biyu sun ɗauki hankalina. Lambobin nan daga kundi daban-daban suke. 67028 ta kundin CPT ce, na Ƙungiyar Likitocin Amurka, wanda ke bayyana aikin da aka yi, a nan kuwa allura ce cikin ruwan bayan ido. Ɗayar tana bayyana dalilin yin aikin. Kamfani yakan ajiye su kusa da juna ya ga ko dalilin ya dace da aikin.

Abu na farko shi ne 9 ɗin nan na ƙarshe, wanda ke nufin ba a fayyace wane ido ba ne. A ganina babu uzuri ga asibitin da ya soka allura a ido sannan ya ce bai san wanne ba ne, kuma kamfanoni sukan mayar da irin wannan takarda. Na biyu, da alama an bar asalin cutar a waje. Idan suga ne sanadi, akwai lambobin da suka fara da E11.35, na mai suga nau'i na biyu wanda sababbin jijiyoyi suka tsiro a ratinarsa. Idan kuwa babbar jijiyar da ke kwashe jini daga ratina ce ta toshe, lambobinta sun fara da H34.81. Ka je ofishin kuɗi na asibitin, ka roƙi a gwada takardar da abin da likita ya rubuta a fayil, a gyara a sake turawa.

Bari in ƙara abin da ba ka tambaya ba. Allurar, ko Avastin ce ko Lucentis ko Eylea, tana sa jijiyoyin su janye cikin 'yan kwanaki, amma ƙarfinta yakan ƙare bayan kamar wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi. Abin da ke daɗewa shi ne ƙona gefunan ratina da hasken leza domin a rage fitar sinadarin, kuma lambar wannan aiki 67228 ce. Kada rigimar kuɗi ta sa yayarka ta fasa zuwa ranar da aka ba ta.

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 9 yana da sikila. Wani yaro ya harbe shi da dutsen danƙo a ido, jini ya taru a gaban baƙin idon. Na ga an rubuta S05.1 a katinsa, wani kuma ya ce mini H21.0 ya kamata a sa. Daga Zariya.

Amsa: Hajiya, sannu da jinya. Wanda ya rubuta katin ya yi daidai. H21.0 ta taruwar jini ce a gaban ido idan ba rauni ne ya jawo ta ba, misali idan waɗancan sababbin jijiyoyi marasa ƙwari suka fashe da kansu. Wadda duka ko jifa ya haddasa kuwa kundin ya mayar da ita ɓangaren raunuka, ƙarƙashin S05.1.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne sikilar. Jinin da ya kwanta a ƙasan baƙin ido, kamar ruwa a gindin kofi, yana fita ne ta 'yar matatar da ke kusurwar ido. Ƙwayoyin jinin mai sikila suna lanƙwashewa kamar lauje su taurare, sai su maƙale a matatar, matsin ido ya tashi ko da jinin kaɗan ne, jijiyar gani kuma ta fi saurin lalacewa a wurinsu. Wannan ya shafi har mai AS, wanda bai taɓa kwanciya ciwo ba. Ki tabbata duk likitan da ya taɓa yaron ya san yana da sikila, domin akwai maganin sauke matsin ido da ake kira Diamox wanda ake guje wa a mai sikila, kuma likitoci ba sa jinkirin wanke idon a ɗakin tiyata kamar yadda za su jira a wani yaron.

A gida, ya kwanta da kansa a ɗage bisa matashi biyu, a rufe idon da garkuwar roba ba tare da dannawa ba, a hana shi guje-guje da ƙwallo. Kada a ba shi asfirin ko ibufurofen, domin suna iya ƙara zubar jini. Farasitamol ya wadatar, sai dai in likita ya ce wani abu dabam. Kada a ɗiga masa nono, ko ruwan ganye, ko a sa masa kwalli. An fi fargabar jinin ya sake ɓallewa tsakanin kwana na biyu da na biyar, don haka a riƙa kai shi awon matsin ido duk ranar da aka ce, idan kuma ya fara amai, ko ciwon kai, ko ganinsa ya ƙara dushewa, a koma asibiti a daren.

Tambaya: Likita, ni ma'aikacin ajiye bayanan majiyyata ne a wani asibiti a Kano. Littafinmu ya tsaya a H21.1, babu X1 ko X2. Tsoho ne?

Amsa: Ɗan'uwa, littafinku ba shi da aibi. Kundin Hukumar Lafiya ta Duniya na asali a H21.1 ya tsaya, ƙarin da ke nuna dama ko hagu na Amurka ne. Idan kuma ka ci karo da 364.42 a wata tsohuwar takarda daga can, lambar rubiyosis ce a kundin da suka bari a 2015. Sabon kundin hukumar, ICD-11, ya fara aiki a ranar 1 ga Janairu, 2022, kuma kowace ƙasa tana komawa kansa a lokacin da ta shirya. Ka yi amfani da wanda asibitinku da masu biyan kuɗin inshora suka amince da shi, kuma tunda lambar taku ba ta nuna gefe, ka tabbata an rubuta idon dama ko na hagu da kalmomi a kan fayil ɗin.