Wace na'ura zan saya don jin faya-fayen garmahon da na gada?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji faya-fayen garmaho a wajen mahaifina, ina son in riƙa saurarensu a gida. Na ga wata na'ura ta gwanjo da aka shigo da ita daga Amurka, na kuma ga wata sabuwa mai siffar akwati, da sifika a jikinta, mai araha. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Malam, tun kafin ka ciro kuɗi, duba faya-fayen nan tukuna. Lambar da ke tsakiyar faifai ita ce yawan juyin da yake yi a minti ɗaya. Masu 33 da masu 45 na roba ne, allura ɗaya ke karanta su. Idan kuwa ka ci karo da mai nauyi, mai tauri kamar tangaran, an rubuta 78 a tsakiyarsa, to wannan tsohon yayi ne. Layinsa ya fi faɗi, sai allurarsa ta musamman, kuma ba kowace na'ura ke juyawa da wannan gudun ba.

Mai siffar akwatin nan, shawarata ka bar ta a shago. Yawancinsu suna danna allura da nauyin giram 5 ko fiye, kuma babu inda za ka rage. Faifai ba ya kuka ran farko, amma a hankali layin yake suɗewa, muryar ta dushe, kuma abin da ya suɗe ba ya dawowa. Ka nemi wadda ke da ƙarfen daidaita nauyi a bayan hannun allura. Za ka murɗa shi har hannun ya tsaya cak a iska, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba, ka mai da ma'aunin da ke jikin ƙarfen kan sifili, sannan ka ƙara nauyin da kamfanin allurar ya faɗa. Misali, allurar Audio-Technica AT-VM95E giram 2 take so, Ortofon 2M Red kuwa 1.8. Kada ka rage da sunan tausaya wa faifai. Allurar da ba ta zauna ba tsalle take yi cikin layi tana kankare shi.

Ta Amurka kuma, a nan ake yawan yin asara. Wutarsu bolt 120 ce mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu 230 mai bugu 50. Ka jona ta kai tsaye, ta ƙone. Ko ka sa taransifoma mai rage wuta, idan injinta irin mai bin bugun wuta ne, gudun 33 zai sauko kusan 28, ka ji mawaƙi yana jan murya kamar mai jin barci. Karanta rubutun bayanta: in ka ga 220 zuwa 240 da 50, ka tsira. In mai bel ce, wato robar da ke juya farantin da faifai ke hawa, ɗaga farantin ka taɓa bel ɗin. Zafi na sa ya saki ko ya yi danƙo. Allurar gwanjo kuwa canza ta kawai, don ba ka san awa nawa ta ci ba.

Sautin da allura ke fitarwa ɗan mitsitsi ne, sai an haɓaka shi. Duba ko amfilifayarka na da ramin da aka rubuta PHONO. In babu, kuma na'urar ba ta zo da nata abin haɓaka sautin a ciki ba, sai ka sayi ɗan akwatin fono ka sa tsakani. Akwai wata siririyar waya ta daban da ke fitowa daga na'urar. Ɗaure ta a ƙusar da ke bayan amfilifaya, in ba haka ba gurnani zai cika maka ɗaki.

Lokacin hunturu ƙura ce babbar abokiyar gaba, don bushewar iska na sa faifai ya riƙa jan ta. Share shi da burushi mai laushi kafin kowane sauraro. In ya yi dauɗa, tataccen ruwa irin na batir da ƙyalle mai taushi, kana bin layi, ba ka jiƙa takardar tsakiya ba. Sinadarin barasa kada ya kusanci mai 78, narkar da fuskarsa yake yi. Ka jera su a tsaye cikin rigunansu, nesa da taga da ɗakin da kwano ke gasawa, domin zafi na lanƙwasa su.