Tsohon zanen tawada na Ingila ya yi ɗigo-ɗigo, a yi masa laminetin?

Tambaya: Malam, na gaji wani zane da mahaifina ya sayo a Ingila, na wata tsohuwar gada da bishiyoyi, duk da tawada ruwan ƙasa. Idan na ɗaga takardar a haske ina ganin J WHATMAN 1818. Yanzu ya yi jan ɗigo-ɗigo, kuma ina tsoron ko koɗewa ya yi. Mai firam ya ce a goge shi da bilic a yi masa laminetin. In yarda?

Amsa: Kada ka yarda, ka je ka karɓo kayanka tun yau.

Launin ba lallai koɗewa ba ne. Masu zanen Ingila na lokacin sukan yi aiki da launi ɗaya da gangan, su tsarma shi da ruwa, su bar farin takarda ya zama haske. Haka Turner ya yi zanen jerin hotunansa mai suna Liber Studiorum da aka fara bugawa a 1807, haka Cotman ya zana yankin Normandi na Faransa tsakanin 1817 da 1820. Ka ɗaga kwalin da ya rufe gefen zanen. In ka ga shuɗi a ƙarƙashinsa, shuɗin baba na rini ne rana ta cinye a sauran zanen. In launin ɗaya ne ciki da waje, haka aka yi shi. J Whatman sunan masu yin takardar ne, ita 1818 kuma shekarar takarda ce, zanen yana iya zuwa bayanta.

Sai maganar laminetin, wadda ta zama annoba. Kowa ya ga takarda mai daraja sai ya ruga wurin mai fotokofi, wai adana ta zai yi. Na'urar zafi take sa wa, ta narkar da gam ya shige cikin zaren takardar. Tawadar nan kuwa a sama take zaune, ƙaro ne kawai ya riƙe ta, ko ta kunkunniya ce ko ta dabbar teku da ake kira sefiya. Ranar da aka ɓare ledar, da zanen za ta tafi. Danshin da aka rufe a ciki kuma yana nan yana aikinsa. Bilic ya fi muni: yana cin zaren takarda, ya wanke gam ɗin fata da aka shafe ta da shi, ya kwashe siraran inuwoyin sama da na nesa, waɗanda su ne ran zanen. Salatif ma kada ya kusance shi.

Ɗigon daga fumfuna ne ko tsatsar ƙarfen da ke cikin takardar, kuma danshi ke ciyar da shi. Ka cire zanen daga tsohon katako ko kwalin bayansa, in ba a manne yake ba. In a manne yake, bar wa ƙwararren mai gyaran takarda. Ka shimfiɗa shi cikin kwali marar asid, danshin ɗaki ya tsaya wajen kashi 50 cikin ɗari, kada ya kai 65 da damina. In za ka rataye shi, gilashi kada ya taɓa fuskarsa, haske kuma kada ya wuce luks 50 a ma'aunin haske, wato haske mai rauni, a bangon da rana ba ta kaiwa.