Ƙanwata, kada ki cire wannan sakin layin

Kin ce malaminki ya ja jan biro a inda kika rubuta cewa akwai gul, wani tsuntsun bakin teku, mai ƙyanƙyasa a Antaktika, kina tambaya ko ki cire. Don Allah ki bar shi. Irin abin da aka yi mini ke nan ranar da nake kare aikin bincikena.

Ina tsakiyar bayani wani cikin masu jarrabawa ya katse ni, wai sikuwa, wani tsuntsun teku dabam, na gani na ɗauka gul ne. Ya juya wajen ɗalibai yana dariya, su ma suka taya shi. Ga hoton nan a bango: baƙin baya, farin kai, rawayan baki mai jan ɗigo a ƙasa. Sikuwa kuwa ruwan ƙasa ne. Ko ɗaga ido bai yi ya duba ba. Bakina ya bushe, takarda na rawa a hannuna. Mai duba aikina, wanda ya karanta komai da idonsa, ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba. Wallahi shirunsa ya fi ci mini rai har yau.

Larus dominicanus kika rubuta, sunansa na kimiyya ke nan, kuma shi kaɗai ne gul da ke sheƙa a can. Amma kada ki ce Antaktika kawai, nan suke kama mutum. Ki ambaci zirin ƙasar Antaktika da ya miƙo wajen Kudancin Amurka, da tsibiran Shetland ta Kudu da Orkney ta Kudu. Ƙwai 2 ko 3 yake yi a Nuwamba zuwa Disamba, kwanci kusan mako 4. Ki nemi hoton tarin ɓawon dodon-koɗin teku da yake barwa kusa da sheƙa, dodon-koɗin ne babban abincinsa a can.

Kuma ba tsuntsun ƙanƙara kaɗai ba ne, yana nan a Afirka ta Kudu, Namibiya, Chile, New Zealand. A gaɓar tekun Valdés ta Ajantina har sauka yake a bayan kifin wel yana tsattsage fatarsa, uwa da ɗa. Ranar da na ga hotunan raunukan nan kasa cin abinci na yi.

Ki sami malamin naki a ofis shi kaɗai da taswirar wuraren nan a hannu, kada ki yi musu da shi gaban mutane. Idan ya ƙi, turo mini babin in duba.