Lambar sama ta hau, ta ƙasa ta sauka

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina shekararsa 72. An auna masa hawan jini aka samu 168 a sama, 70 a ƙasa. Ya ce tunda ta ƙasan ba ta hau ba, zai ajiye maganin hawan jini. Sannan na ji ana gwajin jini da ke nuna tsufan jijiyar jini. Haka ne? Daga Argungu.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka lallaɓi Baba kada ya ajiye maganin. Wannan tazarar 98 da ke tsakanin lambobin biyu ita ce abin dubawa, don a dattijo in ta wuce 60 alama ce jijiya ta ƙage.

Babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya kamar danƙo take. Duk bugu sai ta buɗe ta karɓi jini, ta tsuke ta tura shi gaba. Wani furotin mai suna ilastin ke ba ta wannan laushin, jiki kuwa tun muna ciki zuwa yarinta yake gina mafi yawansa. Bayan nan da kyar ake samun sabo. Zuciya na bugawa kusan sau 100,000 a rana, ka lissafa na shekara 72. Zaren ilastin sai ya tsintsinke, wani furotin mai tauri da ake kira kolajin ya ɗauki nauyin, suga ya ɗaɗɗaure shi, kalsiyam ya kwanta a bango. Ka san tiyon ban-ruwa da ya sha rana a fadama, ba ya lanƙwasuwa. Jini kan bugi irin wannan bangon da ƙarfi, lambar sama ta hau, babu kuma tsukewar da za ta riƙe ta ƙasa. Ƙwaƙwalwa da ƙoda ne ke shan dukan, daga nan shanyewar ɓarin jiki ke samun ƙofa.

Batun gwajin jini akwai ƙamshin gaskiya. Akwai wasu furotin da ake aunawa a jini: CRP da hanta ke fitarwa yana nuna kumburi a jiki, MMP-2 da MMP-9 suna yanka ilastin, MGP kuma yana hana kalsiyam kwanciya, amma sai da bitamin K yake aiki. Sai dai yawanci aikin masu bincike ne. Shi CRP ko zazzaɓin cizon sauro yana ɗaga shi. Ni dai ba zan sa ka kashe kuɗinka a kansu ba. Gwajin suga da na ƙoda sun fi yi wa Baba amfani.

A rage gishiri da dunƙule a miya, har da yaji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da mutum ke ci ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya. Baba ya riƙa takawa zuwa masallaci, a bar taba in yana sha. In yana jin jiri idan ya miƙe, ku koma wurin likitansa a daidaita maganin.